Layin Alli

Ranar Talata na ja layi a allo,
na ce wa 'yan aji biyar: wannan kogi ne, Rayin sunansa,
hagu Faransa, dama Jamus.
Allin ya karye tun ban kai shi teku ba.

Na ce akwai wata 'yar ƙasa a gefen ruwan
da ta sauya ubangida sau huɗu cikin ran mutum guda.
Tsohuwa tana zaune bakin murhunta,
ko tukunya ba ta ɗaga ba,
aka ce yau ga tutarki.
Da ta fara furfura aka zo da wata,
aka ce harshen ma a canza.
Ɗanta na fari ya mutu da hular waɗannan,
autanta ya mutu da hular waɗancan,
laka ɗaya ta haɗiye su.

Shafa'atu ta ɗaga hannu daga bencin baya:
"Malam, a kan me?"
Na buɗe baki in ce kwal da ƙarfe,
in ce girman kan masu mulki,
in ce taken ƙasa da ake cusa wa yaro
tun bai iya ɗaure wando ba.
Sai aka kaɗa ƙararrawa.

Ga abin da ban faɗa ba.
Kakana Alzuma mutumin Gaya ne.
Yana tsakar shuka gero aka rubuta sunansa,
aka ba shi jar dara da takalmin da ya matse shi,
ya yi amai a jirgin ruwa har ya manta lissafin kwana.
Can aka nuna masa wani daji mai sanyi,
aka ce maƙiyinka yana ciki.
"Mi ya gama ni da Bajamushe?"
Haka yake tambaya har haƙoransa suka ƙare.
"Bai ci mini iyakar gona ba,
akuyarshi ba ta shiga wakena ba."

An kama shi.
Mai gadinsu yaro ne mai tari, wai shi Oto.
Wani dare ya jefo masa gasasshen dankali ta saman waya,
da safe, a gaban babbansu,
ya fasa masa leɓe da gindin bindiga.
"Hannu ɗaya ne," in ji kaka, "na dama."

Ya dawo babu yatsun ƙafa biyu, sanyi ya cinye,
ya tsallako Kamba, ya ce ya gama da masu kiran suna.
Lambar yabonsa tana nan a gwangwanin madara
tare da allura da maɓallan da suka rasa riga.

Kwanan baya na ga wata gada a waya, bisa kogin nan.
Mace kan keke da burodi a kwando
ta saya a wannan gaɓa, za ta ci a waccan,
babu mai ce mata ina takarda.
Watakila jikar Oto ce.
Watakila jikar wanda ya so harbe shi.
Sai da suka cika ramuka da 'ya'yansu
kafin su gane ruwa ba katanga ba ne.

Ni kuwa, ranar da Gwaggo Hajo ta rasu a Gaya
ƙofa a rufe take.
Na bi ɗan kabu-kabu ta cikin gonaki da dare,
fitila a kashe, kamar ɓarawo,
don in zuba wa ƙanwar ubana ƙasa.
Wanda ya tsare mu a hanya
da harshen uwata ya nemi na goro.

Laraba na tarar da layin yana nan.
Shafa'atu ke da shara, tsumma a hannunta.
"Malam, wanne ne kogin, wanne ne iyakar?"
Na duba, na sake dubawa.
Na ce goge duka,
malamin lissafi yana jira a ƙofa.